Maƙerar Muntari

A gidan su Muhajir da ke Omdurman ba a shuka itace a ƙasa, ba a kuma yin gini da jan bulo. Katangarsu ta laka ce, duk damina sai ta zube ta wani gefe a sake liƙa ta. Dokar ta girmi kowa a gidan in ban da mahaifiyarsa, Inna Lauratu, kuma ita ce ke riƙe da ita har yau, ko da yake idanunta sun daɗe da dushewa. In baƙo ya tambayi dalili sai ta ce, "Mu matafiya ne. Sauka muka yi mu sha ruwa." Shan ruwan nan kuwa ya doshi shekara saba'in, amma ba a taɓa samun mai ƙarfin halin da zai tuna mata ba.

Ga asalin abin. Kakan Muhajir, Muntari maƙeri, ya baro Kano da niyyar hajji, shi da iyalinsa da jakai biyu. A mangalar jaki ɗaya akwai maƙerarsa, ƙarfen da ake ɗora jan ƙarfe a kai a buga. Guntuwa ce da aka yanko daga sandar da ke haɗa ƙafafun taragon jirgin ƙasa, zamanin da jirgi yake sabon shiga Kano. Tsawonta bai kai kamu ba, kaurinta kuwa kamar cinyar ƙato. Duk garin da guzuri ya ƙare sai Muntari ya sauke ta, ya ƙera wa mutane fartanya da lauje, ya sami hatsi, ya ƙara gaba. Da ita aka ci aka sha tun daga Barno har Darfur. Don haka wata rana, a bakin wata rijiya, ya dafa ta ya yi mata alkawari a gaban ayari: yadda ta kawo shi, shi ma sai ya kai ta. Ba za a kafa ta a ƙasa ba, zuriyarsa ma ba za ta kafu ba, sai ta haye ruwan gishiri ta ga ƙasa mai tsarki. A bakin rijiyar nan aka haifi Lauratu, a bukkar wasu abokan tafiya, shi ya sa take ba da labarin kamar da idonta ta gani.

Ajali ya riski Muntari a Omdurman. Ya bar wa ɗansa Isma'il maƙera da alkawari. Isma'il ya auri Lauratu, ya yi ta cewa baɗi, baɗi, har shi ma ya kwanta dama ya bar wa Muhajir. Wani a bar masa gona, wani a bar masa shanu. Shi nasa gadon yana nan a kusurwar tsakar gida, a kan kututture, ɗaure da tsohuwar igiyar fata, yana jiran jakin da zai ɗauke shi.

Ba kuwa don Muhajir bai gwada ba. Ya je neman fasfo tun yana saurayi, aka ce sai ya kawo shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne. Ya je neman shaidar, aka tambaye shi inda aka haifi kakansa. Da sojoji suka karɓi mulki layin ya ƙara tsawo, tambayar kuwa ba ta canza ba. Yanzu ya haura hamsin, furfura ta ci rabin gemunsa, kuma tsoronsa a fili yake: kada Inna ta tafi tana jira, shi ma ya bi ta ya bar wa 'yarsa Ummi wannan nauyi.

Matarsa Kubura ba ta taɓa musu da dokar ba, dabara ta yi mata. Shekarar da aka kawo ta gidan ta zo da ɗan tsiron lemon tsami a gwangwanin madara. Inna ta duba ta ce ba laifi, abin da ake iya ɗauka ba shuka ba ne, kaya ne. Daga gwangwani lemo ya koma garwa, daga garwa ya koma rabin duro, can kusa da randa inda Inna take alwala. A 'yan shekarun nan ma sai ya yi wani irin kyau da ba a saba gani ga itacen duro ba, har ya fara ba da inuwa, Kubura ta ce tokar da take zuba masa ce. Wani lokaci in tana ba shi ruwa sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Baban Ummi, itacen nan yana son miƙe ƙafa." Shi kuma ya ce, "In sha Allahu baɗi," ya ji muryar ubansa tana fita daga bakinsa, ya tashi ya bar wurin.

Muhajir mai walda ne a wata warsha, wato ma'aikatar ƙarafa, da ke unguwar masana'antu ta Khartoum, inda ake naɗe faifan ƙarfe a yi tankuna masu riƙe iska da tururi. Usta ake ce masa, wato gwanin sana'a. Ba shi da yawan magana, kuma abokan aikinsa sun san halinsa. In rana ta take, wutar lantarki ta ɗauke kamar yadda ta saba, kowa ya nufi wurin mai shayi, shi sai ya rarrafa cikin tankin da ba a rufe ba a ƙarƙashin rumfa, ya kwanta rigingine. A ciki ana jin wani sauti, shuu, mai zuwa yana komawa. Bai taɓa ganin teku ba, amma ya yanke wa kansa cewa haka take yi. Yana lumshe ido sai ya ga jakai biyu suna tafiya a kan ruwa, kofatonsu bai jiƙe ba, wani tsoho a bayansu yana waiwayowa yana yafito shi da hannu ya yi sauri. Kullum kafin ya cim musu wutar take dawowa.

Bayan da aka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, kayan gyara suka daina shigowa, aka kawo musu wani aiki daga bakin teku. Wani tsohon jirgin ruwa ne mai zirga-zirga tsakanin Sawakin da Jidda, yana kai raguna, in lokaci ya yi kuma ya kai alhazai. Injinsa ba ya tashi sai an hura masa iska mai ƙarfi, tankin da ke tara iskar kuwa tsatsa ta cinye shi. Jikin sabon tankin bai ba su wahala ba. Abin da ya tsaya musu shi ne wuyansa, wato zoben ƙarfe mai kauri da ake haɗawa a kan tanki, inda ake murɗa bututu, inda kuma duk ƙarfin iskar yake taruwa yana neman hanyar fita.

Injiniyar warshar, Khadiga, 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta yarda da kowane ƙarfe sai ta gwada shi da kanta. An yi ta kawo mata zobba daga kasuwar tsofaffin ƙarafa. Ta kai kowanne bakin dutsen wasa ƙarfe, ta dubi tartsatsinsa, ta jefar.

"Duk na zubi ne, ya usta," ta ce wa Muhajir da Larabci, suna shan shayi. "Narka shi aka yi aka zuba, cikinsa ƙwaya-ƙwaya ne. Yana da tauri, amma ranar da zai karye ba ya sallama. Ni bugagge nake so, wanda aka daka da guduma yana ja har jijiyarsa ta kwanta wuri ɗaya. Shi in ya gaji miƙewa yake yi, ya ba mutum lokacin gudu. Mutane ne za su zauna a saman tankin nan a tsakiyar ruwa." Ta kurɓi shayi. "Da za a sami ko guntun sandar ƙafar tarago, da mun huta. Amma yanzu wanda aka gani da ƙarfen jirgin ƙasa sai ya je bariki ya yi bayani."

Muhajir ya ajiye kofinsa bai shanye ba. Ya tambaye ta ina ta ce jirgin yake zuwa, ta ce Jidda, ya ce to, kamar bai ji ba da farko. Ran nan duk abin da ya kama sai ya suɓuce masa.

Bayan la'asar ya sami Inna a kan angareb, gadonta na igiya, a inuwar lemo, tana jan carbi. Ya tsuguna ya gaishe ta. Ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, mai walda take ce masa, kamar wani da aka ɗauko aiki daga waje.

"Mai walda, numfashinka na mai magana ne. Faɗi."

Ya faɗa mata duka, bai rage komai ba, tun daga jirgin da tankin har zuwa inda jirgin yake zuwa.

"Huda ta za ka yi?" in ji Inna.

"Zan fere ta, Inna, in huda cikinta. In na gama ba za ta sake zama maƙera ba."

"In ta tsage fa?"

"Ta sha duka shekara da shekaru, mai yiwuwa akwai tsaga a ciki da ido ba ya gani. In haka ne an yi biyu babu. Ba maƙera, ba tafiya."

Kubura tana bakin murhu, ta daina fifita wuta. Rediyon maƙwabta yana ta waƙar sojoji, kaji suna tono a gindin katanga. Inna ta miƙa hannu ta tsinki ganyen lemo, ta murza shi tsakanin yatsunta, ta daɗe tana shinshinawa.

"Ubanka ya jira jaki, kai ka jira takarda," ta ce. "Muntari dai bai ce lallai sai a kan jaki ba. Ɗauke ta. Amma ranar da za ku gwada, ka zo ka kai ni. Ba a sallamar matafiyi daga nesa."

Washegari ya kwance igiyar fatar, ya naɗe maƙera a buhu ya saɓa a kafaɗa. Kafin ya kai tashar bas ya riga ya tausaya wa jakin kakansa, ya kuma nema masa gafara. A bakin gadar Farin Nilu sojoji suka tsayar da motar, suna neman samarin da za a kwasa zuwa sansani. Ɗaya ya zunguri buhun da bakin bindiga, ya ji ƙarfe, ya sa aka buɗe.

"Mene ne wannan, ya haj?"

"Maƙerar kakana ce."

"Ina za ka kai ta?"

"Jidda."

Sojan ya dube shi, ya dubi takalman robar da ke ƙafarsa, ya yi dariya ya ce wa abokinsa rana ta taɓa dattijo. Ya ce to in ya isa ya sa shi a addu'a. Motar ta hau gada. Can ƙasa, inda kogunan biyu suke haɗuwa, ruwa mai haske da mai duhu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba tukuna, wani mai kwale-kwale yana tsaye a tsakaninsu ko motsi ba ya yi. Muhajir ya dafa buhun da ke tsakanin ƙafafunsa. Tun ranar da Muntari ya sauke ta, yau ne maƙerar ta fara matsawa gabas, ya ji daɗi har ya kasa haɗa ido da kowa.

Khadiga ba ta yi masa alfarma ba, shi ma bai nema ba. Ta kai maƙerar bakin dutse, tartsatsi ya tashi dogo mai haske, ta gyaɗa kai. Ta sa aka gasa ta har ta yi ja, aka binne ta a toka ta huce a hankali, don gajiyar duka ta sake ta. Sannan aka jiƙa ta da kananzir, aka goge, aka shafe ta da farin alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya ɓata allin. Suka zauna suna jira. Can sai ga wani siririn layi kamar gashi ya bayyana a fuskarta, daidai inda gudumar Muntari da ta Isma'il suka yi ta sauka.

"Mu yanke saman mu gani," in ji Khadiga. "In tsagar ta nutsa ciki sai ka yi haƙuri, ya usta. Ba zan sa ta ba, ko ta wace ce."

"Haka ya kamata," in ji Muhajir.

Aka yanke kaurin yatsa biyu. Aka sake kananzir, aka sake alli. Wannan karon allin ya zauna fari fat har aka kira azahar. Muhajir ya kai faifan da aka yanke gida ya sa wa Inna a hannu, ta shafa ramukan da guduma ta bari, ta ce wannan gajiyarta ce, gara ta bar ta a gida. A kansa Kubura take fasa goruba yanzu.

Muhajir da kansa ya ɗaura sauran maƙerar a makarata, injin da ke juya ƙarfe yana fere shi. Ƙarfen ya rinƙa fita siri-siri a nannaɗe, shuɗi don zafi, yana zuba a ƙafafunsa. Yana kallo sai ya ga kamar hanya ce ake warwarewa. Wannan naɗin Barno ne, inda aka ce sun ci kifi har sun ƙosa. Wannan Al-Fashir ne. Wannan mai tsawon Al-Ubayyid ne, inda suka yi ta noman wasu kafin su ƙara gaba. Garuruwan da bai taɓa takawa ba suka taru tsibi a kan takalminsa. Da bakin injin ya ratsa cikinta ya fito ta ɗaya gefen, ya tsayar da injin ya leƙa ta ramin. Ya ga ƙofar warsha, da rana, da wata akuya tana wucewa. Baƙin ciki ya kama shi, na gaske, irin na wanda ya yanka dabbar da ya yi kiwo tun tana ƙarama. Ya zauna a kan bokiti har abin ya sake shi.

Waldar kuwa bai taɓa yin irinta ba. Ya ɗumama wuyan da jikin tankin tukuna don kada sanyi ya firgita ƙarfe, sannan ya bi da'irar layi bisa layi, ciki da waje, yana kankare kowane layi kafin ya ɗora wani. Khadiga ta zo ta tsaya a kansa ta duba, ta wuce ba ta yi gyara ba, wanda a wurinta yabo ne.

Ranar gwaji ya ɗauko Inna a tasi, Kubura tana riƙe da ita. Inna ta sa farin mayafin da ta ajiye a ƙasan akwati tun tana da ƙuruciya, wanda ta ce sai ranar tafiya, har yanzu da alamar ninki a jikinsa. Da ta shigo warshar, ƙattin da ke ihu a kan ƙarar guduma suka yi tsit, wani ya ruga ya goge mata kujera da rigarsa.

Ba da iska ake gwada tanki ba, da ruwa ake yi. Iska in ta fasa sai ta tashi da rufin warsha, ruwa kuwa tsiyaya kawai yake yi ya tona asiri. Aka cika tankin yana kwance a kan gammonsa, aka rufe, Khadiga ta sa kowa ya ja baya, aka zaunar da Inna a bayan wani guntun bango. Muhajir ya kama famfon hannu. Al'adar warshar ce, wanda ya yi walda shi ke bugawa, shi ke tsayawa kusa. Allurar agogon da ke nuna matsi ta rinƙa hawa a hankali, ta wuce inda tankin zai yi aiki, ta kai jan layin da Khadiga ta zana. Ta ɗaga hannu ya tsaya. Saura jira. In allurar ta sauka ko kaɗan, to akwai inda ruwa yake fita.

Jiran ya yi tsawo. A cikinsa Muhajir ya ji sautin nan, shuu, ko da yake yau a waje yake kuma idonsa biyu. Ya ga jakan a kan ruwa, sun yi nisa, tsohon yana bayansu da sandarsa, amma bai waiwayo ba. Sai tankin ya yi wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an lanƙwasa yatsa. Ya juya ya dubi Khadiga.

"Zama yake yi," in ji Khadiga, idonta a kan agogo. "Dubi allura."

Allurar tana nan inda take. Tana nan har mai shayi ta gaji da jira ta leƙo. Khadiga ta rage matsin, ta bi waldar da fitila ta zagaye, sannan ta miƙe ta ce, "Ku kawo hajja."

Kubura ta jawo Inna har gaban tankin, Muhajir ya ɗora hannunta a kan wuyan. Yatsunta suka bi da'irar sannu a hankali, suka koma suka sake bi.

"A bushe take," ta ce. Sannan ta sunkuya kusa da ƙarfen, ta yi magana kamar yadda ake yi wa mai tafiya a bakin mota. "To, 'yar Kano, kin riga mu. In kin isa ki yi mana sallama. Ki ce Muntari yana gaisuwa, a Omdurman ya tsaya. Isma'il yana gaisuwa. Uwata Zulaiha tana gaisuwa, ita a bakin rijiya ta tsaya, ko fuskata ba ta gama gani ba." Ta yi ta jero sunayen mutanen ayari, da inda kowanne ya tsaya, wasu ko Muhajir bai taɓa jin su ba. Ma'aikatan warshar ba sa jin Hausa, amma suka ɗaga hannuwa, duk inda ta numfasa su ce amin.

Sabitu, wani direban babbar mota daga unguwar Mayo, shi ya ɗauki tankin zuwa bakin teku. Daga nan sai jira. Kututturen ya zauna wayam a kusurwa, igiyar fata a naɗe a kansa. Duk yamma in Muhajir ya dawo Inna ta ce, "An ji labari?" ya ce tukuna. A warsha in wuta ta ɗauke yakan shiga wani tankin ya kwanta, ya ji sautin, amma jakan ba su sake zuwa ba.

Sai bayan sallar layya Sabitu ya ɓullo, ya tarar da Muhajir a wurin mai shayi.

"Wallahi, usta, da idona na gani," ya ce. "Bugu ɗaya injin ya yi tari ya tashi. Ya kwashi alhazai ya tafi, ya dawo, ya kwashi raguna. Yanzu haka ƙarfen nan naka ya je Jidda ya fi a ƙirga."

"A can ba a sauke tankin?"

"Ina za a sauke shi? Yana can ƙasan jirgi kusa da inji, an ɗaure shi da kusoshi. In an sauke shi da me za su dawo?"

Muhajir ya san haka tun farko, shi ya yi wa tankin ƙafafun da ake ɗaurewa. Amma sani daban, ji a kunne daban. Murnarsa ta koma ciki. Ya hau bas ya haye gada bai dubi ruwa ba, yana ta juya abin a ransa. Ya ga ya lalata gadon kakansa don maƙerar ta riƙa kaiwa ƙofa tana juyowa a cikin duhu, ba ta ga komai ba. Ya yi tunanin ya ce wa Inna maƙerar ta isa kawai, ya yi shiru a nan. Amma matar da take jin magana a numfashin mutum ba a yi mata rabin zance.

Ya same ta a inuwar lemo, rana ta yi sanyi. Ya tsuguna.

"Inna, ta haye. Amma ba ta sauka ba, ba kuma za ta sauka ba. Tana ƙasan jirgi, ta kai Jidda ta juyo, ta sake kaiwa ta juyo. Ban sani ba ko na cika alkawari ne, ko gado kawai na ɓata."

"Da alhazai a samanta?"

"Da alhazai."

"Ita ke tayar musu da injin?"

"Iskar da take riƙewa ce ke tayarwa."

Inna ta ci gaba da jan carbinta. Kubura ta zo ta tsaya a bakin ɗaki da tsintsiya.

"Wanda ya kai ƙofa ya yi sallama, mai gida ya ji shi ko bai shiga ba," in ji Inna. "Batun gani kuwa, ni ma ba gani nake yi ba, amma na san inda nake. Mu mun shekara saba'in muna cewa baɗi, ita ga ta can tana zuwa kamar mai zuwa kasuwa, har da rakiyar mutane. Me kuma Muntari zai nema?" Ta juya fuska wajen ɗaki. "Kubura."

"Na'am, Inna."

"Fitar da itacen nan daga duro."

Kubura ta ajiye tsintsiya ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito idonta ja da fartanya a hannu. Ta nuna tsakiyar gida, wurin da ta zaɓa tun tana amarya ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Muhajir ya karɓi fartanyar ya yi haƙa. Ƙasar ta yi ƙamshi, shi kuwa jikinsa ya yi masa sakayau, har ya ji kamar zai iya haƙa rijiya kafin magariba.

Da ramin ya isa suka je ɗauko lemon. Ya kama gefe ɗaya na duron, ta kama ɗaya, suka ɗaga. Bai motsa ba. Suka gyara tsayuwa suka sake, ko gezau. Muhajir ya durƙusa ya tone 'yar ƙasar da ta taru a gindin duron da hannunsa. Ƙasan duron babu shi, tsatsa ta daɗe da cinyewa. Wata saiwa mai kaurin damtsensa ta fito ta nutse cikin ƙasar gidan, wasu ƙanana sun bazu ta ko'ina, har ƙarƙashin randa.

Ya ɗago kai. Inna tana dariya ba sauti, kafaɗunta suna rawa.

"Kada ku ja shi, za ku ji masa ciwo," ta ce. "Ɗauko almakashin ƙarfenka ka yanke duron kawai."

"Inna, kin sani?"

"Tun shekarar ambaliya. Ina alwala na ji saiwar da ɗan yatsan ƙafata. Kullum in zan tashi sai in tura mata ƙasa. Na ji tsoro ka gani, ka ce an karya alkawari, ka sare shi."

Muhajir ya miƙe. Ya ɗauko almakashin ya bi duron daga sama zuwa ƙasa, ƙarfen yana ɓarɓashewa kafin ma ya matsa. Ya buɗe shi ya janye. Lemon ya tsaya a inda yake, ko ganye ɗaya bai faɗi ba.

Kubura ta dubi ramin da ke tsakiyar gida, ta share ido da gefen mayafi. "To wannan fa, Inna? Mu cike shi?"

"Bar shi. Gobe ki nemo mana dabino."

"Inna, dabino ai yana daɗewa kafin ya yi 'ya'ya."

Inna ta gyara kwanciya a kan angareb, ta jawo mayafi ta rufe ƙafafunta.

"To ina za mu je?" ta ce.